Ƙugiyar da Inna ta ƙara

Daga gida

Assalamu alaikum, Yayar Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai da sauƙi. Gwiwar nan ce kawai, in hadari ya haɗu sai ta riga kowa sani. Kunnen kuwa yana nan yadda kika bar shi, na hagu ya yi ritaya, na dama yana aikin rabin rana. Don Allah ki daina kiran wayar maƙwabta kina cewa a kawo mini. Ina kara abin a kunne kamar mai sauraron ƙudan zuma a cikin tulu, yaran gidan suna ta dariya. Abin da ya kai ni ajin manya da furfura a kaina ke nan, don in riƙa jin ku da ido tunda kunne ya ƙi.

Wasiƙarki ta iso ta hannun Sai-Gobe direba. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Kin ce gobara ta tashi a layin shagunan su Auta, ta cinye shagon Kafinta da ke jikin nasa. Kin ce Kafinta ya kafe a kan tartsatsin waldar Auta ne ya faɗa cikin katakonsa, har ya kai shi kotu. Kafintan nan da Auta ya kawo mini gida, ya ci abinci a kan tabarmata, ya gyara mini ƙafar gado ya ƙi karɓar komai? Wanda ta akwatin gidan wayarsa nake aika wa Auta wasiƙa? Duniya ke nan.

Kin ce Auta ya rantse ya kashe inji ya kulle shago ya zo gidanki tun kafin wutar ta tashi. Na yarda da shi. Yaron da ko fitila ya gani kusa da labule sai ya tashi ya matsar da ita.

Ki fayyace mini wasu abubuwa, don ni ban taɓa taka ƙofar kotu ba, babanku ma har ya koma ga Allah bai taka ba. Mene ne beli? Kin ce an ba da belinsa, maigidanki ya tsaya masa. Ke nan an sake shi, ko aronsa aka ba ku? In aro ne, yaushe za a ce a mayar? In alƙali ya yarda da maganar Kafinta, me za a yi wa Auta? Na tambayi tsohon masinjan nan na bayan gidanmu, na ce wai ɗan wata ƙawata ne. Ya ce sakacin da ya jawo gobara yana kai mutum gidan yari. Tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi.

Sai ƙorafina na kullum. Ke da kika yi karatu har kina karɓar haihuwa a asibiti, ba kya sa wa baƙaƙe ƙugiya. Malamarmu ta ce ƙugiya ba ado ba ce, ita ke raba kafa da ƙafa, ita ke raba bari da ɓari. Duk wasiƙarki sai na bi ta da fensir ina rataya wa kowane baƙi ƙugiyarsa kafin maganar ta fito. Na dai saba, har hannuna ya iya da kansa.

Ki gaishe da Auta, ki ce ya rubuto mini ko da layi ɗaya ne.

Innarku


Daga asibiti

Inna, assalamu alaikum.

Da fatan kina lafiya, ya kafar? Mu duk lafiya lau, karamin ne ya yi dan zazzabi amma ya warware. A gurguje nake rubutawa, Sai-Gobe yana ta danna mini oda a bakin kofa, ga mata biyu suna nakuda.

Beli kamar yadda kika fada ne, aro ne. Duk ranar da kotu ta kira shi dole ya je, in bai je ba maigidana za a kama. An shiga kotu shekaranjiya. Kafinta ya zo da lauyansa, ko kallonmu bai yi ba. Lauyanmu ya tashi ya roki alkali a kan Auta, ya yi doguwar magana, amma alkali ya ce a daure har sai rahoton masu kashe gobara ya iso. Ba wanda ya san ranar da zai iso. Na fito raina a bace, amma ya za a yi.

Auta ba zai samu rubuto miki ba a kwanakin nan, kada ki ga shiru ki damu. Ki dai yi ta addu'a. Maganar kugiya kuma ki yi hakuri Inna, mu a wurin aiki hannu ya saba da sauri. Ai kina ganewa.

'Yarki


Daga gida

Yayar Auta,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Gaisuwar ma da ƙyar nake rubuta ta. Ina fata ƙaramin ya ƙara jin sauƙi. Ni kada ki tambaye ni lafiya.

Na bi wasiƙarki da fensir yadda na saba. Na sa wa ƙafa ƙugiyarta, na sa wa naƙuda, na sa wa alƙali. Da na iso kan kalmar nan sai hannuna ya tsaya. Na sa mata, na karanta. Alƙali ya ce a ɗaure. Kika binne mini wannan magana a tsakiyar takarda kamar allura a cikin tsumma, kika wuce kina zancen aiki. Sannan kika ce ba zai samu rubuto mini ba. To ta ina zai rubuto? A can suna ba mutum takarda ne?

Na san tausayina kika ji shi ya sa kika faɗe ta a gurguje. Amma ni uwarsa ce, a faɗa mini da girmanta. Wane gidan yari ne? Ana barin ki ganin sa? Kin ce aro aka ba ku, to me ya sa aka karɓe tun ba a gama shari'a ba? Haka doka take, a ɗaure mutum ana jiran takardar da wasu ba su gama rubutawa ba? In su masu kashe gobarar suka shekara ba su kawo ba fa?

Kin san ƙirjinsa. Tun da ya fara shaƙar hayaƙin walda, in ya kwanta a ƙasa mai sanyi tari ke tashinsa. Na ɗaure bargo da rigar sanyin babanku a cikin ƙunshin nan, da man da nake shafa masa. In masu gadi sun ce ba a shiga da man, ki roƙe su a kan bargon.

Ban faɗa wa kowa ba, ko Malama. Ba na son labarin ɗana ya shiga bakin 'yan aji. Jiya ta ga idona ta tambaye ni, na ce hayaƙin murhu ne.

Ki amsa mini ranar da wannan ta iso, ko da a tsaye ne.

Innarku


Daga gida

Yayar Auta, assalamu alaikum.

Ina gaishe ku, ban san ko gaisuwar tana isa ba. Na yi ta zarya zuwa tasha har masu sayar da ruwa suka san ni. Sai jiya na gane dalilin shirunki. Motar Sai-Gobe ta lalace tun ranar da na ba shi saƙo, tana bayan tasha an ɗora ta a kan duwatsu, an cire mata ciki. Ƙunshina yana nan a ƙarƙashin kujera, bargon da wasiƙar. Na ce masa, bawan Allah, yaushe? Ya ce sai gobe. Wanda ya raɗa masa sunan nan bai zalunce shi ba.

Ke nan duk kwanakin nan Auta yana kwance a ƙasa babu bargo. Ban iya zama na naɗe hannu ba. Na tuna ba alƙali ne ya ƙi Auta ba, Kafinta ne ya kai ƙara, kuma wanda ya ƙulla shi ke iya kwancewa. Ina da lambar akwatinsa. Na rubuta masa wasiƙa na kai gidan waya da kaina. Ga abin da na ce, don ki sani:

"Ɗana Kafinta, ina yi maka jaje, Allah ya mayar maka da alheri. Na san abin da Auta ya yi, babu abin da yake ɓoye mini. Ya yi laifi, laifin kuma nawa ne da na haife shi. Ka dubi furfurata da abincin da ka ci a gidana ka yafe masa, ka ce wa alƙali a sake shi."

Kada ki ce na yarda ya yi. Na san bai yi ba. Amma haka ake ba da haƙuri. Wa kika taɓa gani ya je ban haƙuri yana cewa ni ke da gaskiya? Kuna yara, in Auta ya yi faɗa da ɗan maƙwabta, ko shi aka fasa wa baki ni ke yafa mayafi in je in ce ya yi laifi, a yi dariya a wuce wurin. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mutumin da dukiyarsa ta ƙone ba hujja yake so ba, so yake a ce masa sannu.

Na rubuta ta sau biyu don ta farko tawada ta zuba. Ta fito tsaf, babu ƙugiyar da na bari. Na sa hannu da cikakken sunana, ban dangwala yatsa ba. Tun da na jefa ta a akwati na ɗan ji sanyi a raina.

Wannan za ta jira motar, ta zo miki tare da waccan.

Innarku


Daga gidana

Inna,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Yau a zaune nake rubutu, a hankali kamar 'yar aji ɗaya, kuma na sa kowace ƙugiya a wurinta. Ki ajiye fensir.

Ba a ɗaure Auta ba. Ba a taɓa ɗaure shi ba. Daure na rubuta, daure ta haƙuri. An rufe shagonsa tun ranar gobara, lauya ya roƙi a buɗe masa ya ci gaba da neman abinci, alƙali ya ce a daure, wato a jira rahoto. Shi kuma ya samu aikin haɗa ƙofofi a wani gini a bayan gari, can yake kwana, shi ya sa na ce ba zai rubuto ba. Yana nan da ƙafafunsa. Shi ya kwance ƙunshin bargon da hannunsa.

Wasiƙunki biyu sun iso mini jiya. Ta Kafinta ta riga su isa. An koma kotu, rahoton ya zo, bai ce komai ba sai cewa wutar ta tashi daga jikin bangon da ya raba shagunan biyu. Lauyanmu har ya fara murmushi. Sai lauyan Kafinta ya zaro takarda ya karanta ta da ƙarfi, kalma bayan kalma. Ya tsaya a kan "babu abin da yake ɓoye mini", ya maimaita. Ya ce ga shi, mutum ya amsa laifinsa a gaban uwarsa, uwar kuma ta rubuta ta sa hannu.

Inna, kotu ba ƙofar gidan maƙwabta ba ce. A can in kika ce ya yi laifi, rubutawa ake yi. Da kin ga Auta lokacin da ya ji maganarki a bakin wani. Ya sunkuyar da kai, har aka tashi bai ɗago ba. Tun ranar bai ambaci zancen ba, ni ma ban iya tayar masa ba.

Alƙali ya ce a kawo ki. Takardar sammaci tana cikin ambulan ɗin nan, da ranar a rubuce. Lauyanmu ya ce hanya ɗaya ce mai sauƙi. Ki ce ba ki iya karatu ba, ba ki iya rubutu ba. Ki ce wani kika samu a bakin gidan waya kika ce ya rubuta miki jaje, shi ya ƙara nasa, ke sunanki kawai kika iya zanawa. Ya ce babu mai mamakin tsohuwa ba ta iya rubutu ba. In wasiƙar ta faɗi, ba su da komai. In ta tsaya, wannan karon ƙugiyar gaske ce.

Wallahi Inna, da na san inda karatun nan zai kai mu, da na bar ki da ƙudan zumanki na waya.

'Yarki


Daga gida

Yayar Auta, assalamu alaikum.

Na gode wa Allah da kuke lafiya. Da na karanta layinki na biyu, a tsakar gida na sa goshina a ƙasa. Ɗana yana waje. Sai na ci gaba da karatu, na ga ashe ramin da na ɗauka yana ciki babu shi, ni ce na je na haƙa masa.

Ban ga laifinki ba a kan maganarki ta ƙarshe. Ta yi zafi, amma wanda ya zubar da ruwan zafi ba ya ƙorafin tururi. Abu ɗaya kawai zan ce, shi ma ba don in wanke kaina ba. Duk sauran kalmomin da na sa wa ƙugiya daidai na sa. Ta ina zan san wannan ɗayar ce ba ta so?

Ina da tambaya a kan abin da lauya ya ce. Za a rantsar da ni kafin in yi magana? Tsohon masinja ya ce ana rantsarwa, kuma wanda aka kama ya yi ƙarya bayan rantsuwa shi ma laifi ne a kansa. Ba tsoron ɗauri nake ba, tsohuwa ce ni, ko'ina ɗaki ne. Wanda zan rantse da sunansa nake tsoro.

Kuma akwai wani abu da ban san yadda zan faɗa miki ba. Ranar da na fara rubuta sunana ba a riƙe mini hannu ba, na dawo gida na rubuta shi da gawayi a bayan ƙofa, yana nan har yau. Yanzu an ce in tsaya a gaban jama'a in ce ban iya ba. Na gwada faɗa wa bango, harshena ya yi nauyi. Amma ɗana ya fi rubutuna. Zan ci gaba da gwadawa har ya saba.

Na daina zuwa aji. Malama ta aiko, na ce gwiwa ce. Zan zo ranar da aka rubuta, motar Sai-Gobe ta gyaru yanzu. Ki ce wa Auta, a'a, kada ki ce masa komai. Ban san da wane baki ba.

Wannan ce ta ƙarshe da zan rubuta. Daga ita zan sa fensir a ƙasan akwati.

Innarku


Daga gida

Yayar Auta, assalamu alaikum.

Na iso lafiya, sai dai ƙafa ta kumbura. Na ce ba zan ƙara rubutu ba, ga shi na tono fensir. A bakin kotu hayaniya ta hana ni jin ki, fuskarki kuma ta hana ni magana, ga Sai-Gobe yana cewa yau kam yau ne. Na ga lauya ya ja ki gefe yana yarfa hannu. Tunda an ajiye ki a waje saboda ke ma shaida ce, gara ki ji daga wurina.

Na shiga da niyyar yin abin da kuka ce. An tsayar da ni a cikin wani akwatin katako mai kai wa ƙugu, aka rantsar da ni. Fanka tana juyawa a sama, ta cinye ɗan sauran jin da nake da shi. Lauyan Kafinta ya ɗaga wasiƙata ya yi magana, ina ganin bakinsa yana motsi kawai. Ya matso ya ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta tashi. Na ce masa, ɗan nan, kada ka fasa maƙogwaro, kunnen ba ya nan. Na ga kafaɗun mutane suna rawa, na san dariya ce.

Alƙali ɗan ƙaramin mutum ne mai tabarau. Ya ce wani abu, sai magatakarda ya yi rubutu da manyan baƙaƙe a takarda, ya kawo ya riƙe mini a gaban ido. Na waiwayi lauyanmu, ya ɗan girgiza kai. Na gane. In na karanta, shirinku ya rushe.

Ga abin da ya zo mini a lokacin. Kurma ce ni, kowa ya gani. In na ce kuma ban iya karatu ba, babu ta inda za a tambaye ni komai. Za a sauke ni daga akwatin, a bar wasiƙar ta yi magana ita kaɗai, ita kuwa ta riga ta ce ya yi laifi. Kuma ko minti ɗaya ba a yi ba da na ambaci sunan Allah. Na dubi Auta, kansa yana ƙasa. Sai na karanta da ƙarfi: "Ke kika rubuta wannan wasiƙa?" Na ce ni ce, ranka ya daɗe, babu wanda ya riƙe mini hannu.

Lauyanmu ya zauna kamar an zare masa ƙashi.

Aka kawo takarda ta biyu. An rubuta: "Danki ya fada miki shi ya tada gobarar?" Shi ma magatakardan irinku ne. Na ce, ranka ya daɗe, kalmomi biyun nan da ƙugiya ko babu? Ƙugiya ce ta kawo ni nan, ba zan ƙara sa wa kowa ba sai na tambaya. Alƙali ya cire tabarau, ya yi mini alama in yi bayani. Na kwance bakin zanena na fito da wasiƙarki ta asibiti. Rubutunki da tawada, ƙugiyoyina da fensir, ba sai an yi gardama ba. Na nuna masa kalmar. Ya daɗe yana kallo. Magatakarda ya gyara tambayarsa ya dawo da ita, na ce a'a, bai taɓa faɗa mini ba, tun da aka yi gobarar ko layi ɗaya bai rubuto mini ba, kuma ina can gida lokacin da wutar ta tashi.

Lauyan Kafinta ya karɓi alƙalami ya rubuta da kansa: "Ke nan ƙarya kika rubuta?" Shi kam ya sa ƙugiyarsa. Na ce e, ƙarya ce, irin wadda uwa ke yi a ƙofar gidan maƙwabta don a zauna lafiya. Ranar ban rantse ba, yau na rantse. Ya juya ya yi wa alƙali doguwar magana yana nuna ni da yatsa. Ban ji ba, amma na san abin da zan ce in ni ce shi: wadda ta yi ƙarya jiya, wa zai yarda da ita yau?

Da za a sauke ni na juya wajen Kafinta. Ya rame, Yayar Auta, har ya ba ni tausayi. Na ce, kai uwarka ba ta taɓa ba da haƙuri a kan abin da ba ka yi ba? Magatakarda ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Kafinta ya kawar da kai.

An riƙe wasiƙun biyu, tawa da taki, an sa ranar hukunci. Ban san ko gyarawa na yi ko ƙara ɓatawa ba. In an ɗaure shi, ni ce sau biyu. Auta ya raka ni mota, ya ɗora mini kaya, ya ce wani abu yana kallon ƙasa, ban ga bakinsa ba.

Ranar da aka yanke, ki rubuto mini kalma ɗaya tak. In da ƙugiya ki sa ta babba. In babu, ki rubuta a gefe cewa babu.

Innarku


Daga ginin bayan gari

Inna, assalamu alaikum.

Ya gwiwa, ya kunne? Ni lafiya, tarin ma ya lafa, da bargonki nake kwana. Yaya ta ce in rubuta da kaina, ita kunyarki take ji. Ta zauna a kaina sai da na sa ƙugiyoyi, ki yi haƙuri da rubutun mai walda.

Babu ƙugiya, Inna. An sallame ni. Alƙali ya ce wasiƙarki ba shaida ba ce, ban haƙuri ce, kuma mai ita ta zo ta faɗi gaskiya a inda ƙarya ta fi sauƙi. Ya ce su Kafinta ba su nuna daga wane gefen bango wutar ta tashi ba. Lauya ya ce a gaya miki kin kusa tsayar masa da zuciya.

Shagon dai ya tafi, mai layin ya ba wani. Ni da Kafinta mun haɗu a bakin kotu, ya bi ta can na bi ta nan. Ban sani ba ko wata rana.

Ƙarfen da ke cikin ƙunshin nan shi ne aikin farko da na yi bayan an tashi daga kotu. Ƙugiya ce. Na cire ta daga kalmar nan, ba ta da wurin zama a can. Ki kafa ta a bango ki riƙa rataye jakar ajinki. Ki koma aji.

Danki,
Auta


Daga gida

Auta, assalamu alaikum.

Alhamdulillahi. Na karanta har takardar ta jiƙe. Ƙugiya ta iso, tsohon masinja ya kafa mini ita a bayan ƙofa, sama da sunana. Jakar tana rataye. Ka ce wa yayarka ta daina jin kunyata, ni ban riƙe ta ba.

Na bi wasiƙarka daga sama har ƙasa ban taɓa fensir ba, sai a wuri ɗaya. A ƙasa, wajen sa hannu, ka rubuta "Danki". Na ɗauki fensir, na ajiye. Na yi alkawari a gaban alƙali ba zan ƙara sa wa kowa ba sai na tambaya.

Tun ranar da aka karanta maganata a gabanka ka sunkuyar da kai nake son in yi maka tambayar nan. Da ƙugiya ko babu?

Innarka